Wa ya ce, kuma a ina ya ji? Zangon da na yi da ɗalibai kan tace labari a Maraɗi

Darasin da aka ba ni, a takarda sunansa fasahar bayani da rubutu. Irin darasin nan ne da ake ɗora wa ƴan shekarar farko bayan sun ci bak, jarrabawar gama sakandare, su koyi rubuta takardar neman aiki da taƙaita dogon rubutu. Babu ko ɗaya cikin ɗaliban da ya zo don ya zama ɗan jarida. Wasu lissafin kuɗi suke karantawa, wasu harkar noma, wasu kwamfuta. Na nemi izinin shugaban sashe in karkatar da rabin zangon zuwa abu biyu, wato yadda ake sauraron labari da yadda ake rubuta shi don jama'a su karanta. Ya ce muddin za a yi jarrabawa a fitar da maki, in yi abin da na ga dama.

Aikin farko ba shi da wuya. Na ce kowa ya ɗauki bik da takarda, daga sallar asuba zuwa isha'i ya rubuta duk labarin da ya shiga kunnensa ko ya gilma a salularsa, kuma ya rubuta ta inda ya zo. Da suka kawo muka zuba a allo. Fada ce ta zo ta ɗaya wajen samari, can inda ake zaman shayi har dare ya raba. Sai saƙonnin murya na WhatsApp, sai TikTok da Facebook, sai bakin mai kabu-kabu, sai ƙofar masallaci bayan magariba. Rediyo ta shigo, amma yawanci ta hannun iyaye: "Baba ya kunna labaran safe na ji." Jarida kuwa ko mutum ɗaya bai rubuta ba, kuma ban ga laifinsu ba. Le Sahel a Yamai ake buga ta, fiye da kilomita 600 daga nan, da Faransanci, kuma in ta iso ofisoshi take zuwa.

Abin da ya ba su kansu mamaki shi ne yawan labaran Najeriya a cikin jerin. Rikicin siyasar Kano, farashin shinkafa a Katsina, wa'azin malaman Kaduna da Sakkwato. Wata ɗaliba ƴar unguwar Zariya ta ƙirga nata ta ce, "Mushe, na fi sanin abin da ke faruwa a Kano a kan abin da ke faruwa a Tawa." Gaskiya ta faɗa. Iyaka tana nan kusa, in ka bi ta Ɗan Isa ka faɗa Jibiya, harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, kuma masu zuba Hausa a intanet sun fi yawa a wancan ɓangaren nesa ba kusa ba.

Daga nan muka shiga tambayar da na gina darasin a kanta. Ban kawo musu ita daga littattafan Turawa ba, don tana hannunsu tun suna yara. Kusan dukkansu sun yi makarantar allo ko Islamiyya, sun san ba a karɓar hadisi sai an san wane ya ji daga wane, kuma sun san malamai sun yi aikin tantance maruwaita, wane mai gaskiya ne, wane mai mantuwa ne, wane ma bai taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ji daga bakinsa ba. Sun san ayar nan ta shida a Suratul Hujurati da ta yi umarnin a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Na ce to, wannan ma'aunin da kuke yi wa hadisi, yau za mu yi wa saƙon murya.

A lokacin akwai wani saƙo da ke yawo, wani mutum da murya mai nauyi yana rantsuwa cewa za a sake rufe iyaka kafin Juma'a, duk mai kaya a hanya ya hanzarta. Ɗalibai da dama suna da shi a waya. Na ce kowa ya bi sawunsa baya: wa ya turo maka, shi kuma wa ya turo masa. Suka yi ta kira a tsakar makaranta. Ɗan kawu ya ce daga ƙungiyar ƴan kasuwa ya samo, na ƙungiyar ya ce wani direba ne ya saka, direban ya ce shi ma gani ya yi. Babu wanda ya wuce mutum na uku ko na huɗu kafin igiyar ta tsinke, kuma babu wanda ya iya faɗin sunan mai muryar, ko garin da yake, ko ranar da ya yi maganar. "Kafin Juma'a" kuwa kowane mako yana da Juma'arsa, shi ya sa irin wannan saƙo ba ya tsufa. Juma'ar ta zo ta wuce, motoci na ta shige da fice.

Amma ban so su tsaya kan dariyar waɗanda suka yarda ba. Mutumin Maraɗi da ya tsorata da wannan saƙo ba wawa ba ne. Ya ga Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Ya ga an sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har da yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga can, sai a 2024 aka buɗe. Ya san yadda kaya suka yi tsada. Jita-jita mai ƙarfi kusan kullum a kan wani tabo na gaske take hawa. Na ba su misalin rigakafin shan inna: a 2003 Kano da wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da shi saboda zargin yana hana haihuwa, Kano ba ta koma ba sai a 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Zargin ba gaskiya ba ne. Sai dai mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Wanda zai warware jita-jitar ba tare da ya san wannan tabon ba, bakinsa kawai zai ɓata. Na tuna musu kuma da daren wankan gishiri na Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka yi ta tada mutane a waya su yi wanka da ruwan gishiri su sha, har wasu suka rasa ransu. Wasunsu sun tuna, suna yara a lokacin.

Sai muka koma kan gidajen rediyo, da tambayar wa ke biyan albashi. Nan na ɗan yi lacca, don tarihin yana da amfani. BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007. Sin da Iran suna da nasu sashen Hausa, Turkiyya ma ta shigo da TRT Afrika. Babu ɗaya a cikinsu da ke magana da mu saboda Allah da Annabi kawai, kowacce akwai ƙasar da ke zuba mata kuɗi don a ji muryarta. A cikin gida kuwa, tsawon shekara talatin bayan samun ƴancin kai kusan murya ɗaya ce, ta gwamnati: Muryar Sahel, Tele Sahel, da jaridun hukuma. Sai a 1990 jaridar Haske ta Ibrahim Cheick Diop ta fito a matsayin mai zaman kanta, aka yi Babban Taron Ƙasa a 1991, daga baya tashoshi masu zaman kansu irin su Anfani da Saraounia suka buɗe, har suka kai rassa nan Maraɗi. Studio Kalangou ya fara a 2016, yana shirya labarai da Hausa da Zabarmanci da sauran harsuna yana raba wa tashoshi.

Tashar da ba ta da gwamnati a bayanta ita ma sai ta ci. Abincinta sanarwar rasuwa da ɗaurin aure, tallan ƴan kasuwa, filin da mai maganin gargajiya ya saya, filin da malami ko ɗan siyasa ya saya. Na sa su saurari tasha ɗaya ta awa biyu, kowa ya zaɓi tasa, su raba minti nawa ne labari, minti nawa ne abin da aka biya. Da yawa ba su taɓa lura cewa hirar da ake yi da mai maganin basir, wadda ake yi da muryar labarai, talla ce ba.

Abubuwan da suka faru a idonsu sun taimaka mini fiye da allo. An dakatar da RFI da France 24 a Nijar a farkon Agustan 2023. An dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024. A Maris na 2025 kuma Muryar Amurka ta yi shiru, ba don wani a nan ya rufe ta ba, sai don gwamnatin da ke biyanta ta janye hannu. Kafin duk wannan, a Fabrairun 2021 bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet ta salula kusan kwana goma. Ban ce musu wane ya yi daidai wane ya yi kuskure ba, ba aikina ke nan a aji ba. Na ce dai su lura cewa kowace murya da ke shigowa ɗakinsu akwai mai riƙe da makunninta.

A nan ne darasin ya kusa kuɓucewa. Wani ɗalibi ɗan Tasawa, mai kaifin baki, ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ashe dai duk ƙarya ce. Bature ƙarya, gwamnati ƙarya, ƴan kasuwa ƙarya. Gara mutum ya bi zuciyarsa." Rabin aji suka gyaɗa kai. Wannan shi ne abin da na fi tsoro, don wanda ya ce duk ƙarya ce bai daina yarda ba, ya dai koma yarda da abin da ya yi masa daɗi. Shakka ba ta da tsada, kowa a fada yana da ita. Na ga masu cewa ba su yarda da kowace rediyo ba suna tura saƙon da ba a san mai shi ba, saboda ya zagi wanda suke ƙi.

Na kawo musu labarin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, kusan kilomita 284, aka ba kamfanin Mota-Engil. Jaridun kudancin Najeriya da dama sun ɗauke shi ta fuskar me ya sa za a ci bashi a shimfiɗa dogo zuwa wata ƙasa. Na arewa sun ɗauke shi ta fuskar kasuwancin Kano da Katsina. A nan kuma ana maganar hanyar fitar da kaya zuwa teku. Tsawon dogon ɗaya ne a duka, kamfanin ɗaya ne, ranar ɗaya ce. Babu wanda ya yi ƙarya a cikin ainihin abin, kowa ya zaɓi inda zai tsaya ya kalla. Ɗan Tasawa ya ce ya ji, amma na ga bai gamsu ba. Magana ba za ta gamsar da shi ba, sai ya taɓa aikin da hannunsa.

Saboda haka na tura su kasuwa. Tambaya ɗaya na ba kowa: nawa ake sayar da tiyar hatsi a Maraɗi wannan makon, kuma me ya sa? Kowa zai rubuta abin da bai wuce kalma 300 ba. Sharuɗɗan su ne dole ka je da ƙafarka, dole ka yi magana da aƙalla mai sayarwa da mai saye, dole ka rubuta wuri da rana da lokaci, kuma ba a yarda da "an ce" ko "mutane na cewa" ba. Na raba su, wasu babbar kasuwa ranar Litinin, wasu ranar Juma'a, wasu masu awo na cikin unguwa, ƴan Tibiri da Madarumfa kuma su duba na garinsu.

Sun dawo da farashi iri-iri, har aka fara gardama, kowa na cewa nasa ne daidai. Da muka baje sai ga dalilai. Wani da safe ya tambaya, wani da la'asar. Wani sabon hatsi aka faɗa masa, wani na bara. Wani an ga takarda a hannunsa an ɗauka ma'aikacin wata ƙungiyar agaji ne, aka ɗaga masa kuɗin. Tiyar ma ba ɗaya ba ce, akwai mai tozo akwai shafaffiya. Kan dalilin tsada kuwa, mai awo ya ɗora wa manyan ƴan kasuwa masu ɓoye kaya a sito, babban ɗan kasuwa ya ɗora wa kuɗin mota da canjin naira, manomi ya ce shi tun kaka ya sayar da nasa da arha don biyan bashi. Kalma 300 ba za ta ɗauki duka ba. Dole kowa ya yar da wani abu, kuma abin da ya yar ɗin shi ya ba labarinsa fuska.

Ɗan Tasawa nasa ya fi na kowa zafi, ya sa wa rubutun kai mai cewa ƴan kasuwa na kashe talaka. Na tambaye shi ko ya yi magana da ɗan kasuwa. Ya ce ya yi, Alhajin ya nuna masa takardun kuɗin da ya biya a hanya. Na ce ina suke a rubutun? Ya ce wuri bai isa ba. Ajin ne suka amsa masa, ba ni ba. Wata daga baya ta ce, "To kai ma ka zama rediyo ke nan."

Akwai wanda bai je ko'ina ba, ya zauna a ɗaki ya ƙirƙiri wani tsoho mai awo ya sa masa magana a baki. Da ya karanta a gaban aji, tsohon nasa yana zancen "tabarbarewar ƙarfin sayen magidanta". Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Wannan Baban a wace jami'a ya yi karatu?" Suka tsare shi da tambaya, wace rumfa, kusa da wa, me yake sanye da shi, har ya sallama. Ban ƙara masa ko kalma ba, sifili dai na ba shi a wannan aikin.

Ƴan matan sun sha wahalar da samarin ba su sha ba, kuma sun kawo abin da samarin ba su samu ba. Wasu sai da suka nemi izini a gida, wasu suka tafi da ƙane. Amma su ne suka shiga gidaje wajen masu fura da masu tuwon sayarwa, waɗanda suka fi kowa sanin motsin tiya don kullum sai sun auna. Wata ta ba mu labarin matar da ta yi mata bayani tiryan-tiryan, da ta ga za a rubuta sunanta sai ta ce, "A'a ɗiyata, rubuta maganar ki bar sunan, ni matar aure ce." Wannan ya buɗe mana zancen yaushe ake ɓoye sunan majiya, da bambancin "wata mai fura a Bagalam da ta nemi a sakaya sunanta" da "an ce". A na farko marubuciya ta san mutuniyar, ta san gidan, za ta iya komawa. A na biyu babu kowa.

Batun harshe ya ci mana lokaci. Na ba su zaɓi, Faransanci ko Hausa. Mafi yawa suka ce Hausa, suna ganin sauƙi ne, sai suka tarar ba a taɓa koya musu rubuta ta ba. Suna rubuta "ou" a wurin "u", "tch" a wurin "c", babu ƙugiya a ɗ da ƙ da ɓ. Muka sauke allon rubutun Hausa a wayoyi, muka yi zama guda kan ƙa'ida. Na gaya musu cewa jarida da Hausa ba sabon abu ba ce, Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 ta fara fita a Zariya. Kuma tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, wanda ya iya rubuta ta daidai ba zai rasa inda zai yi amfani da ita ba. Da yake yawancin waɗanda suka yi hira da su ba sa karanta boko, na ce kowa ya kuma karanta rubutunsa a saƙon murya na minti biyu, ya fara da sunansa da rana da wurin da ya je. Wato dai abubuwan nan uku da mai muryar rufe iyaka bai faɗa ba.

Kafin a saki komai muka zauna kan doka, kuma ban sassauta ba. A 2010 an cire ɗauri daga laifuffukan aikin jarida a Nijar. A 2019 aka yi dokar laifuffukan intanet, a 2022 aka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet, a Yunin 2024 aka maido da shi. Dokar ba ta tambayar ko kana da katin ɗan jarida, kuma wanda ya tura ma yana iya shiga ciki, ba mai rubutawa kaɗai ba. Na hana su taɓa harkar tsaro a aikin aji, na hana ambatar sunan mutum da zargi, na hana ɗaukar hoton kowa sai da yardarsa. Wasu sun ce tsoro ne. Na ce ƴaƴan mutane aka ba ni amana, kuma akwai labarin magudanar ruwa da kuɗin kabu-kabu da layin famfo da ba wanda ke rubutawa.

Saƙonnin ɗaliban da aji ya tantance aka tura wa dangi da ƙungiyoyin unguwa. Ba a jima ba ɗan wani mai awo ya kira ɗaya daga cikin ɗaliban, ya ce farashin da aka danganta wa rumfarsu na dawa ne ba na hatsi ba. Yaron ya zo yana so ya goge saƙon ya yi shiru. Na ce saƙon ya riga ya fita daga hannunsa, gogewa a wayarsa ba ta goge shi a wayar mutane. Ya koma rumfar, ya ba Baban haƙuri, ya sake tambaya, ya yi sabon saƙo ya ce ga inda ya yi kuskure ga daidai, ya tura duk inda ya tura na farko. Gyaran bai yi nisan da kuskuren ya yi ba, mun bi mun gani, kuma wannan ma na sa sun rubuta shi a littafinsu.

A jarrabawa na ba su hoton ambaliya da aka ce na Gulbin Maraɗi ne na bana, da wani saƙon murya, da labari ɗaya daga tashoshi biyu. Mafi yawa sun iya neman asalin hoto ta Google Lens sun gano tsoho ne kuma ba na nan ba. Inda suka fi rauni shi ne labarin tashoshi biyun: har yanzu da dama suna neman wace ce mai gaskiya wace ce maƙaryaciya, maimakon su faɗi abin da kowacce ta bari. Kuɗin forfe na intanet ya hana wasu gama aikin hoto a kan lokaci, sai da muka haɗa su uku-uku a waya ɗaya. Zango mai zuwa na nemi a ba ni awa biyu a jere maimakon ɗaya-ɗaya, kuma na rubuta wa wata tasha a gari takarda ko za su bar ɗalibai su zauna a ɗakin labarai su ga yadda ake zaɓen abin da zai shiga labaran rana.